Lahadi a ganuwar Brescia

Yau ba aiki, sai na hau tudun da tsohuwar ganuwar birnin Brescia na ƙasar Italiya take, da niyyar shan iska kawai. Ina isa na tarar da wasu mutane cikin kayan sojan da, sun kewaye wata ƙaramar igwa ta tagulla. Ƙaurin albarushi ne ya fara tare ni, irin wanda ke cika hanci ranar hawan sallah idan 'yan bindiga suka buɗe wuta. Nan take gida ya faɗo mini a rai.

Wani dattijo a cikinsu ya ga na ƙi matsawa, ya yafuto ni, ya miƙo mini wani katako mai hannu biyu kamar sukwayar kafinta, ɗaya dogo ɗaya gajere. Tsakaninsu akwai kwatar da'ira da aka tsaga gida 12, ga zare na lilo daga kusurwa da 'yar dalma a ƙarshensa. Igwar ba komai a cikinta, sai ya ce in zura dogon hannun a bakinta. Abokinsa ya koma gindinta yana janye wani katako mai tsini da aka tokare ta da shi, bakin yana ɗagowa sannu a hankali, zaren kuma yana tafiya daga tsaga zuwa tsaga. Iska na ta kaɗa shi, sai da na kare da tafin hannu kafin ya tsaya. Da ya kai ta 6, dattijon ya ce a dakata. Digiri 45 ke nan, inda lissafin ya ce harsashi ya fi cin nisa. Ka wuce nan, sama zai yi ya faɗo kusa.

Ashe wani masanin lissafi ɗan garin nan ne, Niccolò Tartaglia, ya bayyana wannan ma'auni a littafinsa na 1537. Yana yaro, a 1512, sojojin Faransa suka ci Brescia, wani ya sare shi da takobi a muƙamuƙi, mahaifiyarsa ce ta yi jinyarsa har ya tashi. Tun daga nan maganarsa ba ta fita daidai, sunan Tartaglia ma mai i'ina yake nufi.

Abin da ya tsaya mini shi ne wurin da na tsaya. Ba a karanta ma'aunin nan sai a gaban igwa, ta inda abokan gaba ke harbowa. Wani bawan Allah ya tsaya a nan a tsakiyar yaƙi, yana jiran zare ya daina rawa. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Daga baya suka ɗura albarushi zalla, ba harsashi, suka kore mu baya. Ƙarar ta daki ƙirjina, tattabaru suka watse, farin hayaƙi ya rufe ganuwar. Har na yi sallar isha'i kunnena na hagu bai daina ƙara ba.