Makonni 12 da na yi ina maido da ƙarfin kafaɗata

Na shafe fiye da shekara ashirin ina koyar da lissafi a makarantar sakandare, kuma duk wanda ya san wannan darasi ya san malaminsa ba ya rabuwa da allo. Hannun dama yana sama tun daga darasin farko har zuwa tashi, a rubuta, a goge, a sake rubutawa. Ban taɓa lissafa wannan cikin aikin ƙarfi ba sai da hunturun bara, lokacin da na fara jin suka a gefen kafaɗata ta dama duk sa'ad da na kai alli saman allo. Kafin wata biyu ciwon ya bi ni har gida. Sanya riga ya zama wahala, aza hannun babbar riga a kafaɗa ranar Juma'a sai da taimakon hagu, ɗaga hannu wajen kabbara kuwa sai na cije leɓe. Abin da ya fi damuna shi ne dare, domin tun ina yaro na saba kwanciya a ɓangaren dama kamar yadda aka koya mana, sai ga shi ina farkawa sau biyu ko uku saboda raɗaɗin da ke gangarowa daga kafaɗa zuwa tsakiyar damtse.

Na bi hanyar da mafi yawanmu ke bi. Mutanen gida suka ce sanyi ne ya shige ni, aka sayo man zafi, aka riƙa gasa min wurin da tsumma da ruwan ɗumi. Wani aminina ya kai ni wurin wanzami aka yi min ƙaho. Na sayi ƙwayar rage ciwo ta diklofenak a kemis na sha kusan mako uku, har sai da cikina ya fara zafi sannan na daina, kuma daga baya ne na san cewa irin waɗannan ƙwayoyi suna iya jawo gyambon ciki da lahani ga ƙoda idan aka daɗe ana shan su. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ba ni sauƙin kwana ɗaya ko biyu. Daga ƙarshe na yanke shawarar hutar da hannun gaba ɗaya, na riƙa sa ɗalibai su yi rubutun allo ina faɗa musu, a gida ma na daina ɗaukar komai da dama. Bayan wata guda na wannan hutu sai na tarar ɗaga buta cike da ruwa ma yana yi min ciwo, abin da ba ya yi a da.

A nan ne na tafi asibiti, likita ya duba ni ya tura ni sashen da muke kira sashen gashi. Sunan nan kansa yana ɓatar da mutane, domin yana sa a zaci duk aikin wurin shi ne a haska wa mutum fitila mai zafi a yi masa tausa. Likitan fisiyo, wato mai magani ta hanyar motsa jiki, da na samu a can matashi ne, bai wuce sa'ar ɗaliban da na yaye a farkon aikina ba. Ya sa na ɗaga hannu ta gefe a hankali, ya lura cewa daga ƙasa babu ciwo, sai hannu ya kai wajen tsakiyar hanya ciwon ke tasowa, idan kuma ya wuce ya miƙe sama sai ya lafa. Ya riƙe hannuna ya ce in tura, ya gwada wuyana, ya juya min kafaɗar da hannunsa don ya tabbatar gaɓar ba ta ƙage ba, ya tambaye ni ko na taɓa faɗuwa a kanta, ko ina da ciwon suga, ko ina shan taba. Sannan ya ce, "Malam, jijiyar kafaɗarka ce ta gaji, kuma hutun da ka ba ta ya ƙara raunana ta. Maganinta aiki ne, amma aiki mai awo."

Kalmar jijiya a Hausa ta haɗa abubuwa da yawa, har da hanyar jini da hanyar saƙon ƙwaƙwalwa, don haka ya kamata in fayyace wadda ake nufi a nan, wato farar igiya mai tauri da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin wadda muke gani a naman ƙafar saniya. Kafaɗa ita ce gaɓar da ta fi kowace juyawa a jikin mutum, kuma dalilin haka shi ne gurbin da kan ƙashin damtse ke zaune a ciki ba shi da zurfi. Abin da ke riƙe shi a wurinsa tsokoki ne guda huɗu da suka taso daga allon kafaɗa suka rungume kan ƙashin, ɗaya ta sama, biyu ta baya, ɗaya ta gaba. Ta saman ce ta fi shan wahala, jijiyarta kuma tana ratsawa ne ta ƙarƙashin wani ƙashi da ya yi wa gaɓar rumfa. Jijiya abu ne mai rai da ke sabunta kansa gwargwadon nauyin da ake ɗora masa, sai dai tana yin hakan a hankali ƙwarai, saboda jinin da ke isa gare ta bai kai na tsoka ba. Idan aikin da ake sa ta ya zarce ƙarfinta sai ta fara ciwo. Idan kuma aka hana ta aiki gaba ɗaya sai ƙarfin nata ya ƙara raguwa, har ɗan abin da take ɗauka a da ya zame mata kaya. Abin da ya same ni ke nan da butar alwala.

Na nemi a yi min hoto, domin zuciyata ba ta kwanta da ciwon da ba a gani da ido ba. Ya ce a halin da nake ciki hoton ba zai canza abin da za mu yi ba, kuma yana iya tsorata ni a banza. Da na koma gida na bincika sai na ga dalilinsa. A wani bincike da aka buga a 2013, likitoci a Japan sun duba kafaɗun mutum 664 na wani ƙauye da na'urar sikanin, suka tarar kusan ɗaya cikin biyar na da yagewar jijiya, amma kusan biyu cikin uku na masu yagewar ba sa jin ciwon komai. Ashe abin da hoto ya nuna da abin da mutum ke ji ba kullum suke tafiya tare ba, musamman ga wanda ya manyanta.

Binciken da na yi ya kai ni ga wani tarihi da ya ba ni mamaki. A 1972 wani likitan tiyata na Amurka mai suna Charles Neer ya bayyana cewa ƙashin rumfar nan ne ke gogar jijiya, don haka magani shi ne a kankare shi a buɗe mata hanya. Bayanin ya shiga hankali, aikin kuma ya yaɗu a duniya tsawon shekaru masu yawa. Sai a 2018 mujallar likitoci ta Lancet ta buga sakamakon wani gwaji da Jami'ar Oxford ta jagoranta a asibitoci 32 na Birtaniya a kan marasa lafiya 313, inda aka kankare wa wasu ƙashin, wasu kuma aka shiga da kyamara kawai aka fito ba tare da an kankare komai ba, kuma ba su san wanne aka yi musu ba, sauran kuwa ba a yi musu tiyata ba. Ba a sami wani bambanci na a zo a gani tsakanin rukunoni biyun da aka shiga da su tiyata ba. A shekarar dai wani gwajin daga ƙasar Finlan ya zo da irin wannan sakamako, kuma a 2019 wani kwamitin ƙwararru ya ba da shawara a mujallar likitoci ta BMJ cewa kada a riƙa yin wannan tiyata saboda irin wannan ciwo. Tun kafin nan, a 2012, an yi wani gwaji a Suwidin da mutanen da ke jiran layin tiyata, aka sa rabinsu motsa jiki na musamman tsawon makonni 12. A ƙarshe kashi 20 cikin ɗari ne kawai na waɗannan suka ce har yanzu suna son tiyatar, alhali a ɗaya rukunin, da aka ba motsi na gama-gari, kashi 63 ne suka nemi a yi musu.

Ga yadda nawa makonnin suka kasance. A makonni biyun farko ban ma motsa hannun sosai ba. Nakan tsaya a bakin ƙofa, in naɗe ƙaramin tawul in maƙale shi a hammata, in lanƙwasa gwiwar hannu, sannan in tura bayan tafin hannuna a jikin bango na kimanin daƙiƙa talatin ba tare da hannun ya gusa ba, in huta, in maimaita sau biyar. Na raina wannan aiki a ranar farko, har na ji kamar an sallame ni ba a yi min komai ba, kuma ina ganin wannan tunani ne ke sa da yawa daga cikinmu watsar da shawarar likitan fisiyo, domin mun tashi da ganin cewa wanda bai yi maka allura ba bai yi maka magani ba. Amma a cikin kwana goma farkawar dare ta ragu, musamman da na koma kwanciya a hagu ina rungume da matashin kai don kada hannun ya rataya.

Daga mako na uku ya ba ni wata roba mai talewa, ya ce idan ta tsinke robar cikin tayar keke ma za ta yi. Nakan ɗaure ta a mariƙin ƙofa in ja ta zuwa waje alhali gwiwar hannuna na manne da haƙarƙari, sannan in fuskanci ƙofar in ja ta zuwa ƙirji ina haɗe allunan kafaɗa ta baya. Bayan haka muka shiga ɗaga nauyi, muka fara da gorar ruwa ta rabin lita, wadda nauyinta rabin kilo ne, ina ɗaga ta ta gefe amma ɗan karkace zuwa gaba, babban yatsa yana kallon sama. Abin da ya fi nanata min shi ne saukowa, ya ce kada in saki hannu ya faɗo, in sauke shi ina ƙirga ɗaya zuwa huɗu, domin a nan ne jijiya ke samun horon da take buƙata. Sau goma zuwa goma sha biyar, zagaye uku. Idan ya yi sauƙi a ƙara ruwa, daga rabin lita zuwa lita ɗaya, zuwa ɗaya da rabi. Na haɗa aikin da bayan sallar asuba da bayan la'asar don kada in manta, kuma duka bai fi minti goma sha biyar ba.

Ƙa'idar da ta fi amfanar da ni ita ce ta ciwo. Na ɗauka duk motsin da ya yi zafi ɓarna yake yi, shi kuwa ya ce in auna ciwon daga sifili zuwa goma, idan bai wuce uku ko huɗu ba, kuma ya koma yadda yake kafin washegari, to in ci gaba. Idan ya wuce haka ko ya hana ni barci, in rage nauyi, amma kada in daina. Wannan ƙa'ida ce ta cece ni a mako na shida, ranar da na taya maƙwabcina sauke buhunan masara daga mota saboda ina jin na warke. Kwana huɗu na yi ina fama, har na fara cewa duk wahalar ta tashi a banza. Na koma tura bango da ɗaga gorar rabin lita, kuma kafin mako guda na dawo inda nake.

Ba na so in zuzuta abin fiye da yadda yake. Wasu masu wannan ciwo suna samun sauƙi da kansu a hankali, wasu kuma suna buƙatar wata shida ko fiye. Allurar da ake yi a cikin kafaɗa ma tana da wurinta ga wanda ciwo ya hana shi barci, sai dai wani babban gwaji da aka buga a Lancet a 2021, mai mutum 708, ya nuna amfaninta na 'yan makonni ne, bayan shekara kuwa babu bambanci, ga shi tana iya tayar da suga ga mai ciwon suga. Wannan gwajin ya nuna wani abu da nake ganin ya fi shafarmu, wato waɗanda suka ga likitan fisiyo sau ɗaya, ya koya musu motsin da kyau suka je gida suka ci gaba, sun sami sakamako daidai da waɗanda suka riƙa komawa har sau shida. Ga mutumin da ke nesa da manyan asibitoci irin su na ƙashi da ke Dala ko na Malam Aminu Kano ko na Shika, wanda kuɗin mota kaɗai zai iya hana shi zirga-zirga, wannan labari ne mai daɗi, domin zuwa ɗaya mai kyau da riƙon amanar abin da aka koya masa na iya wadatar da shi.

Zuwan farkon kuwa ba abin tsallakewa ba ne, saboda ba kowane ciwon kafaɗa ne na jijiya ba. Wanda ya faɗi daga babur ko ya fizgi kaya ya ji hannu ya kasa ɗaguwa nan take yana iya samun sabuwar yagewa da ke buƙatar likitan ƙashi cikin gaggawa, kuma gwaje-gwajen da na ambata ba su shafe shi ba. Kafaɗar da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, ko ciwon da ya zo da ramewa, ko wanda ya haɗu da nauyin ƙirji da gumi da sarƙewar numfashi, duk na asibiti ne a ranar. Akwai kuma ƙagewar kafaɗa, wadda ta fi kama masu ciwon suga, inda ko wani ne ya ɗaga maka hannun ba ya tafiya, ita ma hanyar kula da ita daban ce.

A mako na goma na koma rubutun allo da kaina, amma na daina farawa daga can ƙoli, ina farawa ne daidai tsayin goshina, kuma ina sauke hannu tsakanin misali da misali. A na goma sha biyu na kwana a ɓangaren dama har asuba. Har yanzu idan na yi darasi huɗu a jere nakan ji ɗan nauyi a gefen kafaɗar da yamma, don haka robar tana nan ɗaure a ƙofar ɗakina, ina janta ranar Litinin da Alhamis, gorar da nake ɗagawa kuma yanzu ta lita biyu ce.