Darasin da nake fara koya wa manya a ajin saƙa

Da damina ta ɗauke na buɗe ajin saƙa na bana a falona da ke Zariya, kowace Asabar daga bayan la'asar zuwa dab da magariba, domin wadda ta fara a watan Oktoba ta samu ta kammala hular sanyi kafin hunturu ya kankama. Ɗalibaina takwas ne, kuma babu yarinya a cikinsu: akwai malaman makaranta biyu, da ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, sauran kuwa iyaye ne da 'ya'yansu suka tasa. Sha'awa ce ta kawo su, babu mai neman abin sayarwa a cikinsu.

Kayan farawa ba su da yawa. Kowacce takan zo da kibiya biyu masu kaurin milimita 5, da kwarashi ɗaya, da ƙunshin ulu mai matsakaicin kauri. Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa zaren roba ne, ba gashin tunkiya ba, kuma ya wadatar ga mai koyo saboda yana jure wanki da yawan warwara. Abin da ba na sassautawa a kai shi ne launi. Baƙi da shuɗi mai duhu suna ɓoye idon saƙa, wato kowane ɗan zoben zare da ke kan kibiya, wadda kuwa ba ta ganin idon ba za ta gane inda ta kauce ba, don haka da mai haske muke farawa. Mukan ɗora ido 20, mu yi ta saƙar gaba, wato salon da ake fara koya, a kowane layi, tunda ita ce ba ta naɗewa a gefe.

Matsalar babban mutum ba ta hannu ba ce. Matar da ta shekara talatin tana aikin da ta ƙware a kai, ana girmama ta, tana jin nauyin a gan ta tana fama da zare a gaban ƙannenta. Wannan nauyin yakan sauko har yatsu: sai ta damƙe kibiya, ta ja zaren da ƙarfi, idanun su matse har kibiyar ta kasa shiga. Saboda haka a mako na biyu nakan umarci kowa ta zame ido ɗaya daga kan kibiya da gangan, ta bar shi ya gangara layi uku ko huɗu, har zaren ya fito kamar matakan tsani.

Ranar da muka yi wannan, Hajiyar da ta yi aikin jinya, wadda a haife ta haife ni, ta dube ni ta ce, "Malama, yanzu aikin da na kwana biyu ina yi za ki sa in ɓata da hannuna?" Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri ki sake shi, ina nan kusa da ke." Ta sake shi. Na miƙa mata kwarashi, ta kamo idon daga ƙasa, ta riƙa janyo zaren kowane mataki ta cikinsa, tana juya saƙar inda ya kamata, har ya koma mazauninsa. Na lura a layin da ya biyo baya kafaɗunta sun sauka, saƙarta kuma ta yi laushi.

Waɗanda suka iya kwarashi tun suna 'yan mata sun saba riƙe zare a hannun hagu, kuma ba na tilasta musu mayar da shi dama. Hanyoyin biyu duk ana saƙa da su, kuma abu ɗaya suke fitarwa.

Inda muke ɗan kai ruwa rana shi ne gwaji, domin kowa tana ɗokin ganin hula. Ni kuwa sai an saƙa ɗan ƙyalle an auna shi da tef. Idan ido 18 ne suka cika santimita 10 a hannun wata, ido 90 za su ba ta santimita 50. Wadda hannunta ya fi matsewa har ta samu ido 20 za ta tashi da santimita 45 kacal, alhali zare ɗaya da kibiya ɗaya suka yi amfani da su. Wannan bambancin ya isa ya hana hula shiga kan mai ita.

Asabar mai zuwa za mu shiga bakin hula, ido biyu da saƙar gaba, ido biyu da kishiyarta saƙar baya, wanda shi ne ke buɗewa ya sake kama kai. Hajiya ta riga ta auno kan jikanta, ta kuma sayo koren ulu mai haske.