Batirin kwale-kwale a gida yake mutuwa

Ƙannena masu sha'awar shiga ruwa, batirin da ya ƙi tada inji a bakin gaɓa ba ranar ya mutu ba. Tun yana gida a kan tirela, an lulluɓe shi da tamfol, yake ta tsiyayewa. Sai da na kashe batira da hannuna kafin na gane haka, kuma ba na so ku yi irin asarar da na yi.

A da, in na dawo a gajiye, sai in kwance tirela in ce gobe na sa caji. Goben nan kan zama makonni. Batirin dalma da asid kuwa ba ya yafe wannan. Duk lokacin da ya sauke caji, sinadarin sulfet yakan kwanta a jikin farantan cikinsa. In an yi masa caji da wuri, sai ya narke. In an bar shi, sai ya daskare ya yi tauri, ƙarfin da ya tafi kuma ya tafi ke nan. Don haka ranar da kuka dawo, kafin ku zauna, ku jona caja.

Ku mallaki mitar auna volt, ku daina cinta. Batir mai volt 12, in ya cika kuma ya huta 'yan sa'o'i, zai nuna 12.6 zuwa 12.7. In kun ga 12.2, rabi ya rage. Kada ku auna da zarar kun cire caja, adadin zai ruɗe ku. Ko ba a taɓa shi ba, batir yana rage kansa kowane wata, zafi kuma yana hanzarta abin.

Akwai kuma ɓarayin cikin gida: rediyo, na'urar gano kifi, da famfon kwashe ruwa. Shi famfon nan galibi kai tsaye ake jona shi da batir, kashe babban makunni ba ya tsayar da shi. Na taɓa barin toshiyar ƙasa, wadda ke toshe kafar fitar ruwa a gindin jirgi, a wurinta, ruwan sama ya taru, famfo ya yi ta aiki har batir ya ƙare ƙaf. Ku cire toshiyar, ku ɗaga kan tirela ruwa ya fita da kansa, sannan ku ɗaure toshiyar a jikin makullin inji don kada ku shiga ruwa ba ita.

Da na ji jiki, sai na zarce gona da iri. Na samo tsohuwar caja wadda ba ta san ƙoshi ba, na bar ta a jone kwana da kwanaki. Da na buɗe, jikin batir ya yi ɗumi, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ruwansa ya ƙone har kawunan faranti sun bayyana. Cajar da za a bari a jone ita ce mai rage wuta da kanta in batir ya cika, ta riƙe shi a wajen volt 13.2 zuwa 13.6. In ba wuta a inda kuke ajiye jirgin, ƙaramar sola za ta yi, amma da na'urar daidaita caji. Kuma kada ku dogara da inji: yawanci batirin tada shi kaɗai yake ciyarwa, na ƙaramin injin lantarki mai tura jirgi a hankali sai kun yi masa nasa cajin. Mai batirin litiyam ya nemi cajar da aka yi dominsa.

In ruwan cikin batir ya ragu, tataccen ruwa tsantsa (distil) za ku ƙara, ba na famfo ba, ba asid ba. Ku buɗe murfin akwatin batir yayin caji, domin iskar haidurojin da ke fita tana kama wuta, in kun ji warin fetur kuma kada ku jona komai. Wajen cire waya, ku fara da baƙar, wajen mayarwa ita ce ta ƙarshe.