Dintsin yuriya da kiwin Alhaji

Jiya na miƙa makullin garkar gidan da na yi wa aiki shekara uku a unguwar Ali Ɗan Sofo, a Maraɗi. Mangwaro, lemun tsami, gwaiba, duk na bar su kore shar. Amma na san in maganata ta taso a gidan nan, kiwi kaɗai za a tuna, wani itacen marmari na ƙasashen waje.

Dashe huɗu Alhaji, maigidan, ya zo da su daga tafiya, yana lallaɓa su kamar ƙwai. Ni da na girma cikin zogalen Jiratawa ban taɓa ganin itacen ba. Na kafa musu rumfa, tunda yaɗo suke yi irin na inabi. Cikin Afrilu, zafi ya haura 40, ya leƙo ya ga ba su motsa ba.

"Kai, taki ne ba ka ba su?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, zafi ne, a bari damina ta faɗi."

Ya ce buhun takin zamani na yuriya na nan a gareji, ba don ado ya saye shi ba.

Daga nan laifin nawa ne, ba na ɓoyewa. Na san yuriya wuta ce, kashi 46 cikin 100 naitirojin ne. Duk da haka na zuba dintsi guda daf da gindin kowane, ƙasa a bushe ƙamas, da niyyar in ba da ruwa da la'asar. La'asar ta yi, famfo ya ɗauke. Saiwar kiwi sama-sama take, ga taushi, ba irin ta mangwaro mai nitso ba. Kwana uku gefen ganye ya soye, in ka taɓa sai ya marmashe kamar busasshiyar taba. Kafin sati biyu, uku daga cikinsu sun tafi.

Jika goma, wato sefa 10,000, aka zabtare mini, a gaban direba da mai gadi. Babu wanda ya tuna bakin da ya ce a zuba. Kuma ko da ban ƙona su ba, itacen nan ɗan ƙasar Sin ne, sai ya sha sanyi na ɗaruruwan awowi ƙasa da digiri 7 kafin ya yi fure sosai, abin da hunturun Maraɗi ba ya da shi. Ga shi sai an haɗa namiji da mace. Na faɗa sau ɗaya, aka ce na cika iyayi.

Na huɗun da ruɓaɓɓen kashin awaki na ceto shi, a zagaye, taku ɗaya nesa da gindi, na rufe ƙasar da karan gero. Ruwa kafin taki, ruwa bayansa. In maigida ya ba da umarni irin wannan, yanzu sai in sa ya maimaita a gaban mutane.

Kiwin ya hau rumfar dai, amma ko fure ɗaya bai yi ba. Alhaji na kai baƙi wurin yana cewa da hannunsa ya raine shi.