Asabar a kan tudun Broadhalfpenny

Ƙarfe tara na safe na iso, iska ce ta fara tarbata. Filin yana kan tudu, kimanin mil biyu daga ƙauyen Hambledon da ke gundumar Hampshire a kudancin Ingila, arewa da Portsmouth. A tsallaken titi ga tsohuwar mashayar nan Bat and Ball, a gefen fili kuma ga dutsen tunawa da aka kafa a 1908. Mutanen nan suna kiran wurin mahaifar kurket, wasan da mai jifa yake cilla ƙwallo, mai sanda ya buge shi ya yi gudu don samun maki. Wannan kirari ya yi masa yawa, don tun kafin a san da Hambledon ana wasan a Kent da Sussex da Surrey, kuma an rubuta dokokinsa tun 1744. Abin da ba a musu a kai shi ne, ma'aunai da dama da ake bi yau daga rigingimun wannan ƙungiyar ƙauye suka fito.

Na tarar ana birgima rola a kan zirin da za a yi wasa, mai tsawon yadi 22. Shirin ziri ɗaya yakan ci kwana goma zuwa sha huɗu. Ana rage tsayin ciyawa sannu a hankali, daga wajen milimita 12 har zuwa 4 ko 5, a karce matacciyar ciyawa, sannan a ba shi ruwa ya ratsa ƙasa kamar inci uku zuwa huɗu. Yayyafi a sama kawai ɓata lokaci ne: saman zai yi tauri, ƙasan ya zauna a bushe, kafin la'asar fili ya fara marmashewa. Rola kuma tana da lokacinta, wato sa'ad da saman ya sha iska amma ciki da sauran danshi. In ka yi gaggawa sai ta shafe fuskar ƙasar kamar daɓe, ta kashe ciyawa. In ka makara, mai kawai kake ƙonawa. Tsohuwar dabara ita ce a soka wuƙa a zaro. Ƙasar da ta biyo bakin wuƙar ita za ta faɗa maka.

Ƙarƙashin tudun nan alli ne, ruwa ba ya kwana a kansa. Yana da amfani ranar da aka yi ruwan sama, amma ƙasar alli ba ta da danƙon da ƙwallo zai yi tsalle a kai. Shi ya sa filaye irin wannan suke sayo ƙasa mai yumɓu, wadda lakarta ta kai kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, su barbaɗa a ƙarshen kowace kakar wasa. Kuskuren da ƙananan ƙungiyoyi suka fi yi shi ne canza irin ƙasar saboda bana an samu mai araha. Sabuwa ba ta kama tsohuwa, sai su kwanta hawa-hawa, ƙwallo ya faɗi ya mutu a wurin maimakon ya taso.

Mutanen Hambledon na da ba su san duk wannan wahala ba. Tumaki ne masu yi wa filinsu aski. Dokar 1774 ta bai wa baƙi damar zaɓen inda za a kafa turaku, wato itatuwan da mai jifa yake neman buga wa ƙwallo don fitar da mai duka, muddin bai wuce yadi 30 daga inda masu gida suka nuna ba, don haka gwanin jifa yakan yi sammako ya zagaya fili yana neman kwazazzabon da zai taimake shi. Layuka a ƙasa ake yankawa da wuƙa. Maki kuma a jikin kara ake tsagawa, kowane gudu tsaga ɗaya.

Labarin ƙungiyar ya fara bayyana a 1756, shekarar da ta kara da Dartford. A shekarar ne ma wani limamin coci ya sa cigiyar karensa a jarida, ya ce a wurin wasan kurket a Broadhalfpenny ya ɓace. Wannan cigiya ta kare tana cikin tsofaffin shaidun cewa ana wasa a nan. Daga baya masu hannu da shuni suka kafa kulob, kowa yana biyan kuɗin shekara, su ci, su sha, su yi caca a kan sakamako. 'Yan wasan kuwa talakawa ne masu sana'a. Richard Nyren, kyaftin, shi ke riƙe da mashayar tsallaken titi. John Small na Petersfield da ɗinkin takalma ya fara, daga baya yana ƙera sanduna da ƙwallaye. David Harris maginin tukwane ne. Tom Sueter mai tsaron bayan turaku magini ne, yana kuma rera waƙa a coci. Ana ba su ɗan abin sawa a aljihu, don haka ba za a ce don Allah kawai suke yi ba, amma ba wanda ya bar sana'arsa.

Sandar duka ta farko lanƙwasasshiya ce a ƙasa kamar ta hoki, saboda a ƙasa ake gangaro ƙwallo. Wajen shekarun 1760 masu jifa suka fara cilla shi ta ƙasan kafaɗa ya faɗi ya yi tsalle, sai lanƙwasasshiyar sanda ta tashi daga aiki. Small yana cikin na farko da suka ƙware da miƙaƙƙiya. To, doka ba ta ce komai a kan faɗinta ba. A Satumbar 1771, a karawa da Chertsey, Thomas White na ɓangaren Chertsey ya fito da sanda mai faɗin turakun gaba ɗaya, ya tsaya abinsa. Hambledon suka rubuta takarda, Nyren da Small da mai jifarsu Thomas Brett suka sa hannu, cewa kada faɗin sanda ya wuce inci huɗu da kwata. Aka ƙera awon ƙarfe da ake zura sanda a ciki. Yau sama da shekara 250, ba a ƙara ko ɗigo a kan wannan faɗi ba.

Na tsaya ina kallon alƙalin wasa yana kafa turaku, yana gwada ƙwallo tsakaninsu don tabbatar da ba zai wuce ba. Uku ne, tsayi inci 28, faɗinsu duka inci 9. A zamanin Nyren biyu ne, tsayi inci 22, tsakaninsu inci 6, da ɗan itace guda a gicciye a sama. A Mayun 1775 a filin Artillery Ground na Landan, Small ne mai duka na ƙarshe, ɓangarensa na neman gudu 14. Sau uku jifan Lumpy Stevens, gwanin abokan karawa, yana wuce sandarsa, sau uku ƙwallo yana ratsa tsakanin turakun bai taɓa komai ba. Small ya cike 14 ɗin. Kowa ya ga an cuci Lumpy, daga nan turke na tsakiya ya shigo, ko da yake ya ɗau 'yan shekaru kafin ya game ko'ina.

Da rana aka fara wasa. Wani matashi ya fito da sabuwar sanda fil, kafin a je ko'ina bakinta na ƙasa ya tsage. Ba sai an tambaya ba, ba a horar da ita ba. Itacen wilo laushi gare shi. Ana shafa masa ɗanyen man linsid kamar cokalin shayi ɗaya, a kwantar da shi ya sha, sannan a yi ta bubbuga fuskar da gefuna da guduma ta itace, jimilla wajen awa shida, ana ƙara ƙarfi a hankali. Ba a sa mai a mahaɗar mariƙi, yana sassauta gam. Mai ya yi yawa kuma itace ya yi nauyi ya mutu. Ƙwallon da bai wuce giram 163 ba shi ya yi wannan ɓarna.

Lokacin shayi hira ta koma kan Yunin 1777, sa'ad da Hambledon ta lallasa zaɓaɓɓun Ingila a Sevenoaks da tazarar gudu 168 ba tare da ma ta yi zagayen dukanta na biyu ba, James Aylward shi kaɗai ya yi 167. Sai dai a lura, a lokacin an fara ɗauko gwanaye daga wasu garuruwa, sunan ƙauyen ne kawai bai canza ba.

A 1782 Hambledon suka koma filin Windmill Down kusa da gari. A 1787 aka kafa kulob ɗin kurket na Marylebone, wato MCC, a Landan, Thomas Lord ya buɗe filinsa, masu kuɗi suka bi can, 'yan wasa suka bi kuɗi. Rubutun ƙarshe a littafin taron kulob ɗin Hambledon na 1796 ne, kalmomi biyu kacal masu nuna cewa babu wani babban mutum da ya halarta. Tudun ya koma gona, sai a 1908 aka sake buga babban wasa a kansa. Ƙungiyar ƙauyen ta yanzu a Ridge Meadow take wasa, nan kuwa Broadhalfpenny Brigands ne masu gida.

Wajen ƙarfe shida da rabi hadari ya taso daga yamma. Ana tashi aka zare turaku, aka share ramukan da ƙafar masu jifa ta haƙa, aka jiƙa su, aka cike da yumɓu mai danshi, aka daddanne, sannan aka ja tamfol a kai.