Wasiƙa daga Jamus: jami'ar da ake shiga aji da rigar aiki

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida, musamman ƙannena masu neman gurbin karatu da iyayen da ke kwana da zullumi tare da su. Ina gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, ya aiki, ya haƙuri da rayuwa?

Ina rubuto muku ne daga wani ƙaramin gari a yammacin Jamus, wanda tsakaninsa da Bonn bai kai awa ɗaya a jirgin ƙasa ba, Bonn ɗin nan da muka tashi muna jin sunanta a rediyon Baba idan ya kamo Muryar Jamus. Shekarata ta uku ke nan ina karatun injiniyan lantarki. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami saƙon murya ne da Gwaggo ta turo mini makon jiya. Ɗanta bai samu jami'a ba, Foli ya samu, ya shige ɗaki ya ƙi cin abinci, ita kuma tana roƙo in taya shi da addu'a Allah ya musanya masa da mafi alheri. Na saurari saƙon sau uku, don na san ciwon. Ni ma ranar da na gaya wa Kawu irin makarantar da ta ɗauke ni, cewa ya yi: "To, Foli ce ke nan ta Turawa?" Na kauce wa tambayar. Yau da zai sake yi mini ita, sai in ce e, Kawu, 'yar'uwarta ce, kuma ban yi da-na-sani ba.

Jamusawa suna kiran irin makarantar Fachhochschule, wato jami'ar da ke koyar da ilimi domin a yi aiki da shi. Tsakanin 1969 da 1971 aka kafa na farko, aka ɗaga tsofaffin makarantun injiniyoyi da na kasuwanci zuwa matakin ilimi mai zurfi. Bayan yarjejeniyar Bologna ta 1999, wadda ƙasashen Turai suka ƙulla don daidaita tsarin digiri, digirin farko da na biyu da suke bayarwa ya zama daidai da na sauran jami'o'i a gaban doka, kuma a 2016 jihar Hesse ta fara bai wa ta garin Fulda izinin bayar da digirin dakta. Amma sharaɗin da ya fi kama mini hankali na malamai ne: ba ka zama farfesa a nan sai ka yi aikin shekara biyar bayan karatu, uku daga ciki a wajen jami'a. Mai koya mana darasin injinan lantarki ya daɗe yana aiki a masana'anta, shi ya sa in yana bayani sai ka ji ƙamshin man inji a maganarsa.

Ranar da na fara gane inda na zo, ranar shiga ɗakin gwaji ce. Kafin ka taɓa waya, malami zai tsayar da kai ya yi maka tambayoyi da baki. Ni na zo da hadda, ƙa'idojin lissafi duk suna kaina kamar karatun allo. Sai ya ɗaga mitar auna yawan wutar da ke gudana a waya, wato ammeter, ya ce, idan na jona ta kai-tsaye a bakin batir maimakon in sa ta a cikin layin, me zai faru, kuma me ya sa? Na san ba a yin haka, amma dalilin ya ƙi zuwa. Bai ɗaga murya ba, ya ce in je in shirya in dawo mako mai zuwa. Na fito cikin sanyi idona ya cika da hawaye.

Bayan wata biyu, a ɗakin nan dai, muka tayar da wata mota mai layin wuta uku, wato injin lantarkin da ke juya na'urori. Ta ƙi juyawa, sai wani gurnani take yi tana rawar jiki. Kafin abokan aikina su ɗauko mita na kashe wutar na ce layi ɗaya ya yanke. Aka duba, fis ɗaya ya ƙone. Farfesan ya tambaye ni inda na koyi wannan. A Panteka na koya, a rumfar Kawu a Kaduna, inda nake kai masa abincin rana ina yaro. Can na ga yadda yake kwance kwayil ɗin da ya ƙone, yana ƙirga zagayen waya ɗaya bayan ɗaya yana rubutawa a wani tsohon littafi da mai ya jiƙa, yana sansanar inji ya gaya maka abin da ya kashe shi. Shekara da shekaru ina ganin wannan a matsayin wahalar da boko zai raba ni da ita. Ashe rabin karatuna ne na baro a rumfar nan.

A tsarinmu zangon karatu bakwai ne, ɗaya daga ciki kacokan a kamfani ake yin sa, kusan mako 20. Kai za ka nemi wurin da kanka, ka rubuta takarda, a kira ka ganawa. Na yi nawa a wani kamfanin da ke haɗa akwatunan sarrafa wuta na masana'antu, ƙarƙashin wani dattijo mai takardar Meister, wato gwanin sana'a. Bai taɓa zama a jami'a ba, amma a ma'aunin takardun ƙasar, tasa tana mataki ɗaya da digirin farko, kuma injiniyoyi ba sa yanke shawara sai sun leƙo wurinsa. Akwatin farko da na haɗa ya yi aiki. Dattijon ya zo da sukudireba mai auna ƙarfin ɗauri ya bi kusoshin ɗaya-ɗaya, ya samu guda huɗu da ban ɗaure sosai ba. Ya ce yau zai yi aiki, gobe ma haka, amma wayar da ba ta ɗauru ba zafi take yi a hankali har ranar da za ta kama da wuta cikin dare. Ya sa na kwance layin duka. Ina kwancewa ina tuna sau nawa muka wayi gari da gobarar kasuwa aka ce daga lantarki ne.

Mu ma muna da tunanin nan a takarda. Tun shekarun 1970 ake tura ɗalibai koyon aiki, abin da muke kira IT, kuma hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha a Kaduna take tun 1977. Amma kowa ya san ɗalibin da ya ƙare watanninsa yana sayo wa oga abinci, daga baya a buga masa hatimi a littafi. Ga kuma bambancin HND, babbar difloma ta Foli, da digiri wanda ya karya gwiwar mutane da yawa a aikin gwamnati. Majalisar tarayya ta amince da ƙudurin soke shi a 2021, bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba. A ganina, ko an soke shi da sauran aiki. Abin da ke riƙe makarantun nan shi ne kamfanonin da ke kewaye da su, masu karɓar ɗalibai, masu kawo matsalolinsu a yi musu aikin kammala digiri a kai. Duk wanda ya ratsa Kakuri ya ga masaƙun da suka rufe ya san inda gizo ke saƙar. Sai dai Panteka ba ta rufe ba, haka masu walda da rewaya da masu haɗa sola a kowane gari. Makarantar da za ta sauke girman kai ta tura ɗalibanta wurinsu, ta kuma buɗe musu ƙofar ɗakin gwaji, ba za ta rasa abin koyarwa ba.

Ga masu niyyar zuwa, kada wani ya yaudare ku da cewa karatu kyauta ne. Gaskiya ne a mafi yawan jihohi makarantun gwamnati ba sa karɓar kuɗin koyarwa, sai kuɗin rajista na kowane zango, amma jihar Baden-Württemberg tana karɓar Yuro 1,500 a zango daga ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba tun 2017. Kafin biza sai ka nuna kuɗin zaman shekara a wani asusu da ake kullewa; daga Satumban 2024 adadin ya kai Yuro 11,904, ana sakar maka 992 a wata. Daga ciki za ka biya haya, da inshorar lafiya wadda dole ce, da Yuro 18.36 na rediyo da talabijin da ke kan kowane gida. Doka ta ba ɗalibi damar aikin kwana 140 a shekara, amma wanda ya dogara da aikin dare don ya ci abinci, jarrabawa ce ke biya masa. A makarantu da yawa sau uku kawai ake ba ka damar cin darasi, in ka faɗi na ukun ka bar fannin ke nan.

Ɗaki kuwa wuya gare shi. Na yi mako shida ina kwana a falon wani ɗan Nijar daga Maraɗi da muka haɗu a masallacin Turkawa, Allah ya saka masa da alheri. Kada ku tura wa kowa kuɗin ajiya a kan ɗakin da ba ku gani da idonku ba. Sannan harshe: akwai darussan da ake yi da Ingilishi, musamman a digiri na biyu, amma dattijon da ya koya mini ɗaurin kusa da Jamusanci yake magana, kuma da ban ji shi ba da na yi asarar abin da ya kawo ni. Ku fara koyo tun kuna gida.

Kewa tana nan. A watan Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu da rabi, ka fito daga aji duhu ya yi, ba kiran salla, ba mai shayi a bakin layi. Ranar Lahadi shaguna a rufe suke. Nama na halal a shagon Baturke nake saye, kukar da Inna ta ƙulla mini kuwa da cokali nake auna ta.

Gwaggo, ki ce wa ƙanena ya tashi ya je ya yi rajista kafin a rufe. In ya fara, duk Asabar ya riƙa zuwa rumfar Kawu da tufafin da ba ya jin tsoron su ɓaci. Ina kuma da aike gare shi: ya ɗauki hoton littafin nan na ƙirgar kwayil, shafi-shafi, ya turo mini. Aikin kammala digirina a kan gyaran injinan lantarki da suka ƙone zan yi shi, na ba farfesa labarin littafin, ya ce yana so ya gani. A gaida Inna da Baba da kowa da kowa.

Naku,
ɗan'uwanku a Jamus