Kunya da Kara a Gwajin Manhaja: Abin da Nake Koyo a Sakkwato

Karatun da na sa a gaba a 'yan watannin nan shi ne na auna sauƙin amfani da manhajoji, da kuma tsara su ta yadda za su dace da mutanen da aka yi su dominsu, wato fannin da ake taƙaita sunansa da UX. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ma'anar da ƙungiyar ma'aunai ta duniya ta bayar a ƙa'idarta mai lamba ISO 9241-11, wadda ta fito a 1998 aka kuma sabunta ta a 2018. Ƙa'idar ta ce a duba ko mutum ya biya buƙatarsa, da irin lokaci da wahalar da abin ya ci masa, da kuma ko ya gamsu. Amma ta ɗaure waɗannan ukun da sharaɗi, cewa ana magana ne a kan wasu mutane na musamman, masu wata buƙata ta musamman, a cikin wani yanayi na musamman. Ke nan babu manhajar da za a ce mai sauƙi ce kawai, sai an faɗi ga wa, kuma a ina.

Yanayinmu kuwa sananne ne. A watan Afrilu zafin Sakkwato yana wuce digiri 40, kuma mai POS da ke zaune ƙarƙashin laima a bakin babbar kasuwa yana duba allon wayarsa ne cikin hasken da ke shafe duk wani rubutu mai launin toka a kan fari. Ƙa'idojin WCAG, wato na sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai aƙalla 4.5 zuwa 1, kuma a ganina wannan ma ya yi kaɗan ga mai aiki a rana. Ga ƙananan wayoyi marasa wurin ajiya, ga sabis da ke ɗaukewa, ga lambobin USSD da ke yankewa kafin mai karatu a hankali ya kai ƙarshen jerin zaɓin. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tilasta wa dattawa da matan gida da dama fara tura kuɗi ta waya ba tare da wani ya koya musu ba, kuma yawancin manhajojin da suka tarar ba da su aka yi tunani ba wajen tsarawa.

Hanya mafi araha ta gano matsala ita ce wadda Jakob Nielsen da Rolf Molich suka fito da ita a 1990, inda masani zai zauna ya bi manhaja shafi-shafi yana auna ta da wasu ƙa'idoji, waɗanda Nielsen ya tace su suka zama goma a 1994. Ta farkonsu ta ce dole ne na'ura ta riƙa sanar da mutum halin da ake ciki. Duk wanda ya taɓa tura kuɗi allo ya tsaya yana juyi, bai san ko sun tafi ko ba su tafi ba, har ya sake dannawa aka cire masa sau biyu, ya san nauyin wannan ƙa'ida. Sai dai masani ba shi ne mai amfani ba, saboda haka dole a kira mutane na gaske, a ba su aiki, a zuba ido. Nielsen ya yi bayani a 2000 cewa mutum biyar sun isa su tono kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin, muddin irinsu ɗaya ne.

A nan ne karatu ya fara cin karo da zamanmu. Littattafan fannin suna koyar da cewa a roƙi wanda ake gwaji da shi ya riƙa faɗin abin da ke ransa a fili yayin da yake aiki, ya ce nan ya rikita shi, nan bai gane ba, wannan maɓallin bai yi masa ba. Wannan tsari ya ɗauka cewa mutum zai iya kushe aikin wani a gaban idonsa ba tare da ya ji nauyi ba. Bahaushe kuwa an rene shi da kunya da kara. Na zauna da wani dattijo maƙwabcinmu, mai sayar da albasa, na roƙe shi ya gwada biyan kuɗin wuta da wata manhaja. Ya ɓata a shafi na biyu, ya koma baya, ya sake ɓata, daga ƙarshe ya ajiye wayar. Da na ce, “Baba, yaya ka ga abin?” sai ya ce, “Ya yi kyau ƙwarai, ɗana, Allah Ya yi albarka. Mu ne dai ba mu yi boko ba.” Mutumin da ke lissafin buhuna da bashin abokan ciniki a ka, shi ne yake ɗora wa kansa laifin shafin da aka tsara ba daidai ba, kuma wannan ya dame ni ƙwarai.

Don Norman, wani masanin wannan fanni, ya rubuta tun 1988 cewa mutane suna zargin kansu idan na'ura ta gagare su, alhali laifin na tsarin ne. Amma a wurinmu abin ya ninka, domin ban da zargin kai akwai ladabi ga baƙo, da kuma gudun kunyata yaron da ya kawo aikinsa. Shi ya sa nake taka-tsantsan da takardar tambayoyi goma ta auna sauƙin amfani da manhaja, ta John Brooke, wadda ya ƙirƙira a 1986 kuma ake kiranta SUS, inda maki 68 ake ɗauka matsakaici. Ma'auni ne mai amfani, ban raina shi ba, amma idan aka karanta wa mai kara tambayoyin da baki, zai ba da maki mai yawa ga abin da bai iya amfani da shi ba.

Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. A Indiya, wata masaniyar fannin, Apala Lahiri Chavan, ta lura da irin wannan nauyin baki, sai ta riƙa sa masu gwaji cikin wani labari mai ɗaga hankali irin na finafinansu, ta yadda gaggawar labarin za ta mantar da su ladabi su faɗi abin da ya tare musu hanya. Na gwada kwatankwacin haka da labari na gida, cewa ɗanka yana asibiti kuma ana jiran kuɗin magani yanzu, sai na ga bakuna sun buɗe. Haka kuma idan aka zaunar da abokai biyu a kan waya ɗaya, gardamar da suke yi da juna tana fito da abin da ba za su taɓa gaya mini ba. Idan ba ni na gina manhajar ba, nakan faɗi haka tun farko, domin mai gwajin ya san ba aikina yake kushewa ba. Gwaji da matan aure kuwa, mace ce ya kamata ta shiga gida ta yi shi, kuma ƙanwata ta fi ni samun gaskiya nesa ba kusa ba. Fiye da komai, na koyi kallon yatsa: inda ya tsaya, inda ya yi shawagi a kan allo, da lokacin da mutum ya kira yaro ya miƙa masa wayar. Wannan miƙawar ina rubuta ta a matsayin gazawar manhaja, ko da an gama aikin daga baya.

A ɓangaren tsarawa, akwai misali na gida da nake yabawa. Bayan jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya a 2015, hukumar ta kawo tsarin maɓallai takwas, ta yadda ɗalibin da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba zai amsa tambaya, ya ci gaba, ya koma baya, ya miƙa aikinsa da haruffa kawai. An rage abin da mutum zai koya kafin ya nuna abin da ya sani. Indrani Medhi ta cibiyar binciken Microsoft da ke Bangalore ita ma ta nuna cewa zane da murya suna taimakon waɗanda ba su karanta rubutu. Sai dai a Sakkwato dole a yi hattara da cewa mutum bai iya karatu ba, domin da yawa suna karanta ajami sarai, kuma mayar da manhaja zuwa Hausar boko ba ta warware musu komai.

Murya ita ce hanyar da mutanenmu suka zaɓa da kansu, shaida kuwa ita ce yawan saƙon murya a WhatsApp. Saboda haka aikin da nake shiryawa yanzu shi ne shafin tabbatar da tura kuɗi da zai karanta sunan mai karɓa da adadin kuɗin da Hausa kafin a sa lambar sirri. Cikas ɗin shi ne babu ɗan kasuwar da zai yarda waya ta shelanta kuɗinsa a tsakiyar jama'a. Ina so in gwada ko za a karɓi tsarin idan muryar tana fita ne ta ƙaramin lasifikar kunne, mutum ya kara wayar kamar mai amsa kira, kuma da 'yan kasuwar Kara ta nan Sakkwato nake fatan fara gwajin.